Taurarin Hagun Elva

A duk garin babu wanda zai ce maka Elva Clewell tana da buri. In ka tambayi matan coci, cewa za su yi ai baiwar Allah ce, ita ta riƙe mahaifiyarsu har ƙasa ta rufe mata ido, ba ta yi aure ba, ba ta taɓa kwana a wani gari ba sai in asibiti ne ya kai ta. Amma tana da buri guda ɗaya, kuma ta ɓoye shi kamar ciwon da ya fito a wurin kunya. So take ta wuce ta kan titi a watan Kirsimeti, ta ɗaga kai, ta ga tauraron da ta saƙa da hannunta yana rataye a tagar wani.

Abin kamar bai kai a kira shi buri ba. A wannan ɗan gari na Pennsylvania, da zarar Disamba ta kama, ba tagar da ba ta da fararen taurarin takarda, daga gidan likita har shagon mai wanki. Kusan dukansu daga ɗakin ƙarƙashin cocin 'yan ɗariƙar Morabiya suke fitowa, inda mata ke zama kowace Laraba tun daga lokacin da ganye ya fara zuba. Ziri huɗu na takarda ake ɗauka, a ninke kowanne biyu, a sarƙe su cikin juna kamar gindin kwando, sannan a yi ta lanƙwasawa ana cusa bakin ziri ta ƙarƙashin ɗan'uwansa har tsinaye su miƙe gaba da baya. Sai a tsoma a narkakken kaki, a barbaɗa ƙyalƙyali kafin ya daskare. Duk wadda ta gama nata sai ta jefa a babban kwandon da ke tsakiyar tebur. Ba a sa suna, ba a cewa wannan nawa ne. Haka aka gada, kamar yadda duwatsun makabartar bayan cocin suke kwance a ƙasa girma ɗaya, na mai masaƙa kusa da na mai shara.

Sai dai na Elva ba sa ɓacewa cikin kwandon. Ita bahaguwa ce. Mama ta yi ta ƙwala mata cokali a bayan hannu har ta koyi ci da rubutu da dama, amma tauraro ya kuɓuce mata. Tana ƙarama ta koya, zaune a ɗaya gefen teburin kicin tana fuskantar yayarta Arlene, tana kwaikwayon duk abin da ta gani kamar mai kallon madubi. Da ta gama, sai ga tsinayen nata sun murɗe hagu, alhali na duk duniya dama suke murɗewa. Baƙo ba zai lura ba. Amma duk macen da ta taɓa riƙe ziri huɗu, kallo ɗaya ya ishe ta.

Mutane sun ɗauka kasawa ta yi. Ba haka ba ne. Wata rana da rana, lokacin ta fara zama budurwa, ta zauna ita kaɗai ta saƙa na dama tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Ta juya shi a tafin hannu, ta ga ba abin da ya raba shi da na Arlene, sai ta yayyaga shi ta cusa a murhu. Rigar da ke jikinta tsohuwar ta Arlene ce, takalminta ma haka, malaman makaranta kuwa ƙanwar Arlene suke kiranta. Murɗin hagun nan shi kaɗai ne abin da ba wanda ya riga ta amfani da shi.

Arlene ta auri Harlan Rohrbach, wanda ke aiki a ofishin kamfanin ƙarfe, ta koma gida mai bene a bakin tudu. Elva ta shiga masaƙar riguna, da aka rufe masaƙar ta koma wanke tukwane a kicin ɗin makaranta, da ƙafafun Mama suka mutu ta bar wannan ma. Arlene takan zo ranar Lahadi da farantin kek mai sukari, ta sumbaci tsohuwa a goshi, ta lura da cewa labule na son wanki, ta tafi. A coci kuwa ita ce hannun ƙarshe. Kujerarta na can ƙarshen tebur kusa da taga. Ita ke ciro taurari daga kwando ɗaya bayan ɗaya, ta duba, ta zira zare, ta jera a kwali, ta zuba a bayan motarta ta kai gida har ranar kasuwar coci. Ba wanda ya naɗa ta. Wata Laraba ce kawai ta zauna a wurin, ba ta ƙara tashi ba.

Kowace Disamba Elva sai ta tsiri yawo. Takan ce likita ne ya ce ta riƙa motsa gwiwa. Da la'asar sakaliya, lokacin da aka fara kunna fitilu amma ba a ja labule ba tukuna, sai ta sa kwat ɗinta ruwan toka ta bi layi-layi, tana tafiya a hankali kamar mai tsoron santsin ƙanƙara, idonta na kan tagogi. Bernice, wata gwauruwa mai baki da ke kula da tukunyar kaki, ta sha tsokanarta a gaban mata, wai Elva miji take leƙe ta taga, in ta samu mai fansho da haƙoransa na ainihi ta taimaka ta tambaya ko yana da ƙane. Elva takan yi dariya tare da kowa. Gara a ce miji take nema da a gane abin da take nema.

Ba ta taɓa gani ba. Dama, dama, dama, duk tagar da ta duba. Shekarun farko ta ce ko ba ta kai layin da suke ba. Daga baya ta san kowace taga a garin kamar aljihun rigarta, ba sauran layin da za ta ɗora wa laifi. Sau ɗaya ta yi ƙarfin halin tambaya, ita ma a kaikaice, suna wanke kofunan kofi bayan zama. Ta ce oho, ko su wa ke sayen tulin taurarin nan haka. Arlene ba ta ɗago daga kwanon wanki ba ta ce ai baƙin da ke zuwa a manyan motoci su ke kwashe rabi, kuma na Auta ba sa kwana.

Da wannan magana Elva ta rayu. Tana juya Mama a kan gado, tana canza zanen da ya jiƙe, tana tunanin wata taga a Texas, wata a bakin teku inda ba a san ƙanƙara ba, da tauraronta yana juyawa a hankali a jikin zare. Ita ba ta je ko'ina ba, amma hannunta ya je. In baƙin ciki ya taso mata, wannan take haɗiya ya danne shi. Har wani tausayin Arlene take ji a ɓoye, da yake nata taurarin ko ita kanta ba za ta iya nuna su ba.

Mama ta rasu, Harlan ya bi ta, 'yan'uwan biyu suka tsufa kowacce a gidanta. Sai bana, ana tsakiyar zafi, Arlene ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye. Ɗanta da ke Ohio ya zo, ya sa ta a gidan kula da tsofaffi, ya ce za a sayar da gidan tudu, ya roƙi Anti Elva ta taimaka ta ware abin da ya kamata a ajiye. Ya koma washegari.

Ta ɗauki kwanaki tana kwashe kwanuka da tawul. Ɗakin ƙarƙashin rufi ta bari a ƙarshe saboda gwiwarta. Ranar da ta hau, zafin wurin kamar cikin tanda, kuma tun daga matakala ta ji wani ƙamshi da ta sani, wanda bai kamata a ji shi a nan ba. A bayan tsohon gadon jariri ta tarar da kwalayen takalma jere har kusan rufi. Ta buɗe na sama, ta ga wani dunƙule ruwan ɗorawa, mai maiƙo, kamar saƙar zuma da aka taka. Sai da ta kai shi bakin ɗan tagar ta gane taurari ne, zafin shekara da shekaru ya narkar da kakinsu suka manne da juna. A gefen dunƙulen wasu tsinaye sun tsira ba su lotsa ba. Hagu suka murɗe.

Ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku. Ga masu ƙyalƙyalin zinari na shekarar da Mama ta kwanta. Ga masu shuɗi-shuɗi na shekarar da aka yi gardama kan ko shuɗi ya dace da coci. Can ƙasa akwai na takarda mai kauri da ake yankowa daga masaƙa tun tana yarinya. Ta yi ƙoƙarin ɓamɓaro guda ɗaya, ya rabu biyu a hannunta. Ta zauna a kan gadon jariri, zufa na bin bayanta. Ba ta yi kuka ba. Abin da ya fara zuwa mata a rai shi ne Texas, yadda ta ƙawata tagar nan da labule mai furanni, har da kyanwa ta sa mata.

Washegari da hantsi ta je wurin Arlene da kwali ɗaya a jaka. Ta same ta a keken guragu a bakin taga, an taje mata gashi, tana ƙorafin cewa kofin gidan nan ruwan wanke kofi ne. Elva ta ɗora kwalin a cinyarta ta cire murfin. Arlene ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ashe sun narke, ita da ta ce wa Harlan ya sa fanka a saman nan.

"Yaya, kin ce baƙi ke kwashe su."

"To me kike so in ce miki a gaban mata? Ban zubar da ko ɗaya ba, Auta. Wata ce da tuni ta kai su bola."

Elva ta ce da ta kai su bola da ya fi, ko mai kwasar shara ya gani. Arlene ta rufe kwalin, ta gyara zama, muryarta ta koma irin ta ƙarshen tebur. Ta ce kada Elva ta zo mata da fuskar wadda aka zalunta. Kowa a ɗakin nan jefawa yake a kwando ya manta, ita kaɗai ce ke jefawa tana bin abin da ido. Ta ce tana tsaye a bakin ƙofar kicin ranar da Elva ta saƙa na dama ta cusa a murhu, tun ranar ta san ba hannu ne ya ƙi ba, zuciya ce. Suna ne take rubutawa a jikin tauraron Ubangiji, don dai ba da biro take rubutawa ba.

Maganar ta shiga, domin gaskiya ce, kuma ba wanda ya taɓa faɗa mata ita. Elva ta ji kunnuwanta sun yi zafi kamar an kama ta tana sata. Amma ta san yayarta. Arlene ba ta taɓa ɗaukar wahalar hawa matakala da kwali shekara bayan shekara don kare al'adar coci ba. Mai kare al'ada da ta kira ta gefe tun farko ta ce gyara ko ki bari.

"Na Bernice fa? Rabinsu a karkace suke kamar kaza ta kwana a kai, kina zira musu zare."

Arlene ta juya tana kallon filin ajiye motoci. Wata ma'aikaciya ta leƙo ta tambaya ko suna son ruwa, ta tafi. 

"Da naki ba su da kyau da na bar su," in ji Arlene. "Wa zai tambayi wanda ya yi mummuna?"

Daga nan ta ce a miƙo mata bargo, ƙafarta na sanyi. Elva ta miƙa mata, har ta soke mata gefen a ƙarƙashin cinya yadda ta saba yi wa Mama, sannan ta ɗauki kwalinta ta fita. Dillalin gida ya turo masu kwasar tarkace, suka sauke kwalayen duka cikin mota ɗaya tare da gadon jariri.

Da ganye ya fara zuba aka koma zaman Laraba, kujerar bakin taga ba kowa. Matan suka dubi juna, Bernice ta ce ai gadon gida ne, 'yar'uwa Elva ta matsa can, ta fi kowa ido. Elva ta zauna. Daga wurin ana ganin hannun kowa, abin da ba ta taɓa sani ba. Ta ja kwando gabanta. Yanzu ba wanda ke tsakanin tauraronta da tagogin gari sai ita kanta.

Sai dai hannun ya riga ya tafi. Tun 'yan shekarun nan gaɓoɓin yatsunta suke kumbura, tana daurewa, amma bana babban yatsan hagu ya ƙi ƙememe. Shimfiɗaɗɗen ɓangaren tana iya yi. Murɗa tsinin nan da ke miƙewa, wanda ke son a matse a ja a hankali, shi ne ya gagara. Ta zauna a kicin ɗinta da safe bayan ta jiƙa hannu a ruwan ɗumi, ta ja ziri ya yage, ta sake ya lotse. Da ƙyar ta kammala guda ɗaya. Ta ɗaga shi a haske ta dube shi da idon da Arlene ke duba na mutane. Ya yi sako-sako, tsini ɗaya ya sunkuya. Tana iya zira masa zare, ba mai hana ta. Amma duk macen da ta wuce tagar da aka rataye shi za ta san na wane ne, ta ce Allah sarki, ashe haka na Elva suke. Ta buɗe murhu ta jefa.

A cikin sababbin zuwa na bana akwai Idalia, wata mai aikin jinya da iyayenta suka zo daga Puerto Rico, mace mai fara'a da ta kusa aurar da 'yarta. Ba ta taɓa riƙe ziri ba. Ranar farko ta jawo kujera ta manna a gefen Elva, kafaɗa da kafaɗa, ta ce Anti ta koya mata, ita kan kwakwa gare ta amma ba ta da zuciya. Elva ta nuna mata a hankali da yatsunta masu ciwo, inda ta kasa ja sai ta ce ja nan, murɗa haka. Ba ta yi tunanin komai ba. Ta dai ji daɗin yadda matar ke kallon hannunta.

Laraba ta uku, tana ciro taurari daga kwando, sai ga shi a tafinta. Matsattse, tsinayen a miƙe kamar an auna, kakin ya kwanta sumul. Hagu ya murɗe. Da yake a gefenta Idalia ta zauna ba a gabanta ba, hannun Elva ta ɗauka yadda yake.

Bernice ta hango daga bakin tukunya ta ce to fa, Elva ta haihu da tsufa, ga 'ya ta ɗauko kamannin uwa. Aka yi dariya. Idalia ta dubi nata ta dubi na sauran, ta tambaya ko ta ɓata ne. Wata ta ce ina, ai haka na Anti Elva suke tun fil azal, kuma an ce ba sa kwana a kasuwa.

Elva ta ɗauki allura da zare. Tana ganin tagar sarai, ba ta Texas ba, ta gidan likita ko ta shagon mai wanki, da la'asar, fitila a kunne. Za ta ɗaga kai ta ga murɗin hagu yana juyawa, abin da ta yi ta taka ƙanƙara tana nema tun gashinta na baƙi. Kowa zai ɗauka nata ne. Ita kaɗai za ta san na matar da ta zo jiya ne, wadda ta koya cikin Laraba uku tana hira tana cin kek. Ta zira zaren, ta ɗaure, ta riƙe shi a kan kwalin. Da Bernice ta ƙwala kira a zo a taya ta sauke tukunya hankalin mata ya koma can, sai hannun Elva ya sauka ƙarƙashin tebur, ya shiga aljihun rigar sanyinta. Ta yi mamakin sauƙin abin.

Da aka tashi, tana ɗaure kwali, ta kira Idalia. Ta ce kuskure ne, kuma nata ne, ita ta koya mata ba daidai ba.

"Laraba mai zuwa ki zauna a can, ki fuskance ni. Duk abin da kika ga na yi, ki yi kamar kina kallon madubi. Hasken ma ya fi kyau a can."

Idalia ta yi godiya, har ta riƙe mata ƙofa.

Disamba ta zo da ƙanƙara mai yawa. Elva ta sa kwat ɗinta ruwan toka ta fita da la'asar, ta bi layi-layi a hankali. A tagar gidan Idalia akwai taurari jere a zare, masu kyau, duk sun murɗe dama. Ta ɗan tsaya, sannan ta wuce zuwa taga ta gaba. Hannunta na hagu yana cikin aljihu a dunƙule da tauraron Idalia na farko, ɗumin tafinta ya fara tausasa kakin, tsinayen suna lotsawa ɗaya bayan ɗaya.